Kogo da Falgore: Wa Zai Tsare Dajin Doka?

A ƙarshen bazara, kafin ruwan shuka ya sauka, gonakin Tsiga, a kudancin Jihar Katsina, fetal suke. An kwashe karan dawa da na masara, an tuge itacen auduga, dabbobi sun gama da harawar da ta rage. A lokacin ne ake ganin itatuwa da kyau: ɗorawa nan, kaɗanya can, tsamiya a bakin hanya, kowace tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona. A gindin ɗorawa za a iske mata da 'yan mata, ɗaya riƙe da doguwar maƙata tana zazzago 'ya'yan, sauran suna tsincewa suna ɗaurewa dami-dami. A gida za a ɓare, a daka, a tankaɗe garin nan rawaya mai zaƙi, a wanke kalwa, a dafa ta ta kwana bisa wuta, a rufe ta har ta nuna ta zama daddawa. Ko ɓawon ba a zubarwa, da shi ake makuba, a shafe daɓe da katanga.

Sai dai wanda ya tsaya ya ƙidaya zai ga abin da ke sosa rai. Kusan duk itatuwan nan tsofaffi ne. Kakanni ne tsaye, babu 'ya'ya, balle jikoki. Tsiron da ya ɗago kai a damina garma ce ke tumɓuke shi, wanda ya tsira daga garma akuya ta cinye shi da rani. Kaɗanya kuwa sai ta shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, ga shi ba kasafai ake dasa ta ba.

Uwar waɗannan itatuwa tana yamma, a ƙasar Faskari. Dajin Kogo ke nan, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage a Jihar Katsina inda itacen asali ke tsaye a matsayin daji, ba ɗaiɗai a gona ba. A watan Disamba 2020 ministan muhalli na lokacin, Mohammad Mahmood Abubakar, ya bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙara gandayen daji na ƙasa guda goma a kan bakwai da ake da su. Cikinsu akwai Kogo a Katsina, da Falgore a Kano, da Baturiya a Jigawa, da Allawa a Neja, da Pandam a Filato. Labarin bai samu kunnen da ya kamata ba, domin a wannan watan ne, ran 11, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su. Mutumin Tsiga da ya ji an ce za a killace daji don kare itatuwa da namun dawa a irin wannan lokaci, ba za a zarge shi ba in ya girgiza kai.

Duk da haka maganar ta cancanci a zauna a kanta, domin batun tsaro da batun itace a wannan yanki igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Killace daji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa garuruwa na da hurumi, sarakuna na da Sarkin Dawa, akwai kurmin da ba a sa masa gatari, akwai lokacin farauta da lokacin barinta. Turawan mulkin mallaka suka zo da dokokin daji na 1916 da 1937, aka shata gandaye ƙarƙashin En'e, aka zuba malaman daji. Tsofaffi na tuna malamin daji da kekensa, mutumin da ba a son haɗuwa da shi ana ɗauke da ɗanyen itace. Akwai zalunci a tsarin, akwai tara da cin hanci, amma akwai abu guda da ba a musu: daji na da mai shi, kuma mai shi yana zagayawa. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da dokar filaye ta 1978, ikon ya koma hannun gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, sarakunan gargajiya suka zama 'yan kallo. Malaman daji suka yi ta ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba. Gandaye da yawa aka yanka su gonaki, wasu da takarda, wasu da ƙarfin aljihu.

Gandun daji na ƙasa mataki ne sama da wannan. Yana hannun tarayya, ƙarƙashin Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa, da dokar 1999 da ta hana farauta, da sare itace, da kiwo, da noma, da shiga ba izini. Jami'ansa na ɗauke da makami. Na farko shi ne na Tafkin Kainji a 1979, mafi girma kuwa Gashaka-Gumti, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 6,000 a Taraba da Adamawa. Yankari ma ta taɓa shiga sahun a 1991, kafin Jihar Bauchi ta karɓe abinta a 2006.

Me ke cikin Kogo da za a tsare? Wanda ya saba da hotunan kurmin kudu zai iya raina shi. Dajin doka ne, ba ya rufe sama. Itatuwansa matsakaita ne, rana na ratsa su, ciyawa doguwa ce a ƙarƙashi, kuma da rani wuta na bi ta cikinsa. Amma bayan wutar, tun ruwa bai sauka ba, doka kan fitar da sabon ganye ja mai sheƙi, dajin duka ya yi kamar an zuba masa lalle. Tsakanin dokar akwai maje da kawo, da marke da baushe, da taura da tsada da gwandar daji, a bakin rafi kuma ɗinya da kanya da maɗaci. Kowane da aikinsa. Kirya ce turmi da taɓarya da gawayin maƙera. Ɓawon maɗaci na cikin jiƙon kusan kowane mai magani. Ganyen kawo da na maɗobiya ne abincin shanu a tsakiyar rani, lokacin da ƙasa ba ta da komai. Daga nan ake samun zuma, da ciyawar jinka, da igiyar rama da ta kalgo.

Wasu cikinsu sun shiga jerin itatuwan da duniya ke fargabar ƙarewarsu. Maɗobiya ce kan gaba. Kasuwar kayan katako ta ƙasar Sin ta buɗe mata baki, aka yi ta sare ta daga Senegal har Taraba ana lodawa a jiragen ruwa, har Nijeriya ta zama kan gaba wajen fitar da ita. A 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Kaɗanya da maɗaci da kawo ma duk an lissafa su cikin masu rauni.

Amma ba jirgin ruwa ne babban mai cin dajin kudancin Katsina ba. Garma ce da murhu.

Garmar tana da tarihinta. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ya mai da yankin ƙasar auduga. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar tare da na Gusau da na Gombe. Aka yi hanyoyin karkara, aka kawo takin zamani da ingantaccen irin masara. Masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida don gasawa, ta zama amfanin gona na farko. Alheri ne babba, kuma shi ya sa kasuwannin Bakori da Dandume suka zama inda manyan motoci ke layi suna ɗibar hatsi zuwa ko'ina a ƙasar nan. Kuɗin da aka biya shi ne saura da daji. Ƙasar da ke samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara ba ta zama banza, jama'a na ƙaruwa, gona na rarrabuwa wajen gado, kowane ƙarni sai ya matsa gaba ya yi sabon sassabe.

Murhun kuwa yana birni. A kowace unguwa ta Funtua akwai mai faskare da tarin itace a ƙofar gida, akwai mai auna gawayi a leda. Mai ƙosai, mai tuwo-tuwo, mai shayi, mai gidan burodi, mai tsire, duk wuta suke so kullum. Kananzir ya fi ƙarfin talaka tun da aka janye tallafinsa a 2016, tukunyar gas ta yi tsada, kuma tun daga janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 komai ya ƙara hawa. Matar da ke da bakuna goma da za ta ciyar ba za a yi mata wa'azin muhalli ba. Za ta sayi gawayi, gawayin kuma daga kirya da marke da kaɗanya yake fitowa, domin su ne masu nauyi, masu daɗewa a wuta. Da gatari, mutum kan yini a kan kirya ɗaya. Da zarto mai inji, kafin azahar ya kwantar da goma.

Kano ta riga kowa sanin wannan lissafi. A 1990 wasu masu bincike da suka yi aiki a Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole, suka fitar da littafi kan itacen girki a Kano, kuma abin da suka gano ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Gonakin da ke kewaye da birnin, duk da cunkoson jama'a, ba su rasa itatuwansu ba. Manomi na sassaƙe reshe ya bar uwa, domin itacen nasa ne, ɗansa zai gada. Itacen da birni ke ƙonawa a manyan motoci yake zuwa daga dazuzzuka masu nisa, inda itace ba shi da mai tsawatawa. Wato abin da ke kashe itace ba yawan mutane ba ne kaɗai, rashin mai shi ne.

Falgore na ɗaya daga cikin irin waɗannan dazuzzuka. Yana da nisan kusan kilomita 150 kudu da Kano, faɗinsa murabba'in kilomita 920, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, titin Kano zuwa Jos kuma ya raba shi biyu. An killace shi tun zamanin En'e da sunan dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Mutumin Kurna ko Ɗorayi a birnin Kano zai iya rayuwa bai taɓa taka Falgore ba, amma yana shan ruwansa. Kogin Kano ta cikinsa yake ratsowa ya zuba a madatsar Tiga da aka gama a 1974, daga Tiga ruwan ke zuwa gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure, ya gangara har matatar Tamburawa. Daji a kan kogi aikin soso yake yi: ya riƙe ruwan damina, ya sake shi sannu a hankali, ya hana yashi cika madatsa. Tudun Funtua ma irin wannan matsayi gare shi, domin a kusa da garin ne Kogin Sakkwato ya samo asali, ya bi ta Gusau ya cika madatsar Bakolori. Itacen da aka sare a nan, mai noman rani a Talata Mafara na da kaso cikin asararsa.

Sai babbar magana, wadda ba mai iya tsallake ta a Tsiga. A daren 5 ga Fabrairu 2025 'yan bindiga suka shiga garin suka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, tare da wasu mutane. Kwana 56 ya yi a hannunsu. Da ya fito ya ba da labarin zama a kan dutse cikin macizai da kunamu, da kurar da ta riƙa zagaya su. Shi an san sunansa. Manoman Faskari da Sabuwa da Dandume da Bakori da Ƙanƙara da aka ɗauka a gona, ko aka sa wa haraji kafin su girbe abin da suka noma, ba su ƙidayuwa. Ga waɗannan mutane kalmar daji ta daina nufin zuma da taura.

Shi ya sa ake jin masu cewa a share shi kawai. A farkon 2022 gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai, ya fito fili ya nemi a yi wa dazuzzukan ruwan bama-bamai, a sake dasa itatuwa daga baya. Fushin da ke bayan maganar kowa ya fahimce shi. Amma dajin doka ba gandun turare ba ne da za a jera a layi. Abin da ma'aikatun daji suka saba renawa shi ne bedi da turare da makamantansu, baƙin itatuwa masu saurin girma, masu amfani a inda suka dace, waɗanda ba sa ba da kalwa ko man kaɗe, ba sa ciyar da saniya da rani. Doka yawanci daga saiwa take sake tohowa, kuma muddin saiwar na ƙasa dajin na iya dawowa da kansa. In aka tuge ta aka bi da tarakta, shi ke nan. Sannan ɗan bindiga ba itace ne ya haife shi ba. Ya samu wurin da hukuma ta janye ƙafa shekara da shekaru, babu malamin daji, babu hanya, babu makaranta, babu alƙali mai raba manomi da makiyayi da gaskiya, ya zauna.

Ita kanta gwamnatin Katsina ta taɓa nuna ta gane alaƙar. Cikin dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agusta 2021, wadda ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ta kuma hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, akwai hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Dalilin a fili yake: motar da ta shiga da sunan itace ba a san abin da ta kai ba.

Sai dai sunan gandun ƙasa shi kaɗai ba laya ba ne, kuma shaidar tana maƙwabtaka. Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, an killace shi a 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa murabba'in kilomita 1,121. An san shi da gwanki da kanki da giwayen da ke ratsawa tsakaninsa da Kuyambana ta Zamfara. A 2015 sai da gwamnonin yankin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji cikinsa don fatattakar ɓarayin shanu, kuma bayan haka ma ya ci gaba da zama maɓoya. 'Yan tsirarun jami'ai ba za su iya da masu manyan bindigogi bisa babura ɗari ba. Kogo, da Kamuku, da Kuyambana, da Rugu a arewa, kusan jiki ɗaya ne, wanda aka kora daga nan gobe yana can. A watan Mayu 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa dakarun tsaron daji don dazuzzuka 1,129 na ƙasar, Katsina kuma tana da nata askarawan da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023. Abin dubawa shi ne ko za a ba wani cikinsu aikin tsare dajin kansa, ban da farautar waɗanda ke ɓoye a ciki.

Akwai kuma makiyayi, wanda sau da yawa ake mantawa da shi in ana zancen gandu, ko a tuna da shi a matsayin mai laifi kawai. Mafi yawan Fulanin da ke gefen dazuzzukan nan su ma an kwashe musu shanu, an kashe musu 'yan uwa. Burtali ya zama gona, mashaya ta zama lambu, daji ne kaɗai ya rage musu. Ranar da aka kafa allo aka ce kiwo haramun ne a Kogo, ba tare da an buɗe burtali ko an ware makiyaya mai ruwa ba, an ƙara wa wutar itace ne. Wannan ita ce gaɓar da ta fi kowace wuya, kuma ba a warware ta daga ofis a Abuja.

Wasu wurare sun gwada ceto dazuzzukansu, an ga abin da ya yi aiki. Birnin Riyo na Brazil ya wayi gari gonakin kofi sun cinye dazuzzukan tsaunukansa, ƙoramun da yake sha sun ƙafe. A 1861 Sarki Pedro na Biyu ya ba da umarnin a maido da dajin Tijuka, aka yi shekaru ana ɗebo tsiron itatuwan asali daga guntayen dajin da suka tsira ana dasawa, sai bayan shekara 100, a 1961, ya zama gandun ƙasa. Ba don waɗannan guntaye ba, da babu inda za a samo iri. A Abidjan, gandun Banko da aka kafa a 1953 yana tsakiyar birni, yana kare ruwan ƙarƙashin ƙasa da birnin ke sha, har sai da aka gina masa katanga don hana gine-gine cinye shi. Kogo ba a iya kewaye shi da bulo. Abin da ya fi kusa da shi shi ne Gashaka-Gumti, inda tun 2017 hukumar gandaye ta shiga yarjejeniya da wata gidauniya mai zaman kanta, aka ɗauki matasan ƙauyukan yankin aikin gadi, aka horar da su, aka ba su kayan aiki, aka kuma zauna da makiyaya.

Darasi mafi kusa da gida kuwa yana Maraɗi, a Nijar. A farkon shekarun 1980, bayan fari ya yi kaca-kaca da ƙasar kuma dashen itatuwa ya ci tura, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara zaɓen tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture, a sassaƙe sauran, a bar su su tashi. Manoma suka raɗa masa suna sassaben zamani. Abin ya bazu daga gona zuwa gona, musamman da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara a kansa ba. A yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Ƙasar Maraɗi ba ta samun ruwan da Funtua ke samu, ko kusa.

Wannan ne ɓangaren da mutumin Tsiga ke da iko a kansa tun yau, ko sojoji sun iso ko ba su iso ba. Kowane dami da aka samu daga reshen itacen gona, dami ne da ba a ɗauko daga Kogo ba. Ragowar aikin na hukuma ne, kuma sananne ne: a shata iyakar gandun tare da masu unguwanni da arɗaɗe, a ɗauki 'ya'yan ƙauyukan gefe aiki, mafarauta da makiyaya a cikinsu, a bar wa mata hanyar tsintar kaɗanya da ɗorawa a kewayen gandun, a sa gidajen burodi da manyan makarantun kwana na Funtua da Malumfashi su koma murhun da ba ya cin itace da yawa. A Agusta 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida, tana mai cewa Nijeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na kaɗanyar duniya. Masana'antar da za a gina a kan wannan lissafi tana dogara ne da itatuwan da aka bari tun zamanin kakanni.

In ruwan farko ya sauka a Tsiga, a gindin kowace tsohuwar ɗorawa da kaɗanya tsiro kan fito, wani daga ƙwallon da jemage ya yar, wani daga saiwa. Mako biyu ko uku yake samu kafin shanun huɗa su iso kansa. A gonakin Maraɗi, a daidai wannan lokaci ne mai gona ke kafa ɗan tsinke kusa da tsiron, ya ce wa yaron da ke riƙe da garma ya kauce masa.